Koyon zanen gaɓar teku daga Kulod Loren: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Duk wanda ya zo wurina koyon zane, in hannunsa ya ɗan faɗa, akwai aikin da nake ba shi: ya ɗauki zanen wani tsohon gwani ya kwaikwaya. In maganar ruwa da gaɓar teku ce, wanda nake tura su wajensa shi ne Claude Lorrain, ana furta sunan Kulod Loren. An haife shi wajen shekarar 1600 a ƙauyen Chamagne na yankin Loren, wanda yau yake cikin Faransa, amma a birnin Rum ya yi kusan dukan rayuwarsa har ya mutu a 1682. Zanen da na fi ba su shi ne wanda ya yi a 1648, inda Sarauniyar Saba take shirin shiga jirgi za ta wajen Annabi Sulaimanu. Bilkisu ke nan, wadda muka san labarinta a Suratun Namli. A Baibul da raƙuma aka ce ta je, amma Kulod ya ɗora ta a kan teku, domin shi fitowar rana a kan ruwa yake son zanawa, labarin sarauniya dalili ne kawai ya samu.

Zanen yana gidan adana zane-zane na National Gallery a Landan tun 1824. Babba ne, tsayinsa kusan mita ɗaya da rabi, faɗinsa kusan mita biyu. A hagu akwai kangon gini mai dogayen ginshiƙai da jirgin ruwa a bayansa. A dama fada ce mai matakala da ta gangaro har bakin ruwa, sarauniya da jama'arta suna saukowa. A gaba ma'aikata na loda kaya a kwale-kwale. A tsakiya kuma rana ce, tana kallon mai kallo ido da ido.

Na ga kwafin wannan zane daga hannu iri-iri, kuma abin mamaki kurakuran kusan iri ɗaya ne. Ni ma sai da na yi su duka, wasu ma fiye da sau ɗaya.

Fara aiki daga igiyoyin jirgi

Mai koyo yana zama, ya ɗauko burushi mafi tsini, ya fara da abin da ya fi burge shi: igiyoyin jirgi, adon kan ginshiƙi, rawanin sarauniya. Kwana uku yana kai. Ranar huɗu sai ya lura bai bar wa fada isasshen wuri ba, ko kuma jirgin ya fi ginin girma. Gogewa ta gagara don yana tausayin wahalarsa, sai ya ci gaba da gini a kan karkataccen tushe.

Ba da jirgi Kulod ya gina zanen nan ba. Ka ja da baya taku biyar ka kanne idanu har komai ya yi dishi-dishi, za ka ga abu uku ne kawai suka rage: duhu a hagu, a dama da ƙasa kamar bakin ƙofa, haske mai faɗi a tsakiya, sai wani tsaka-tsaki da ke haɗa su. Wannan shi ne ƙashin bayan zanen. Magini ba ya fara zayyana a bango tun bai ɗora tubali ba.

Gyaran ba shi da wuya, haƙuri yake so. Kafin ka taɓa fenti, ka yanki takarda kamar tafin hannu ka zana hoton da gawayi ko fensir mai laushi, da matakin duhu uku ko huɗu kawai, ba layi, ba ado. Minti goma ya isa. Ka yi biyar ko shida. In ƙaramin zanen gawayi bai ba ka jin cewa rana na fitowa ba, babban ma ba zai ba ka ba ko ka zuba masa fentin duniya. Bayan haka, in ka koma kan kyallen zane, ka fara da burushi mafi faɗi da kake da shi, kada ka ɗauki ƙarami sai ka rufe duk farin da ke kyallen.

Amincewa da waya

Yawancinmu ba za mu je Landan ba, a waya muke ganin zanen. Ba laifi. Laifin shi ne a ɗauka abin da waya ta nuna shi ne zanen. Fuskar waya fitila ce, haske take fitarwa, fenti kuwa haske yake karɓa ya mayar. Saboda haka rana a waya tana ƙyalli irin wanda babu fentin da zai kai shi. Ga kuma hotunan da ke yawo a intanet: ka nemi zanen nan za ka ga wani ruwan zuma, wani kore, wani kamar an tsoma shi a shuni. Wasu daga tsofaffin littattafai aka ɗauko su, wasu an ƙara musu launi don su ja ido. Tsofaffin zane-zane ma su kansu sukan yi rawaya-rawaya saboda man sheƙin da aka shafa musu ya tsufa, sai an wanke an sake. Wani yaro ya taɓa kawo mini kwafinsa duk ya yi ruwan goro kamar shayin da ya kwana, ashe hoton da ya samu ne haka. Tsufan man sheƙi ya kwaikwaya yana zaton launin Kulod ne.

Ka ɗauko hoton daga shafin gidan da ke ajiye da zanen, a can ma za ka iya zuƙo shi ka ga sawun burushi. Ka buga shi a takarda gwargwadon girman da za ka samu, ɗaya mai launi, ɗaya fari da baƙi. Na fari da baƙin shi ne malaminka na gaskiya, domin launi na iya canzawa daga na'ura zuwa na'ura, amma wane wuri ya fi wane duhu, wannan ba ya canzawa sosai.

Teku shuɗi ne, in ji littafin firamare

Nan ne nake daɗewa da ɗalibai, kuma ina yi musu uzuri. Mutumin Kano ko Zinder da bai taɓa tsayawa bakin teku ba, abin da ya sani shi ne taswira da kwalin ruwan roba: ruwa shuɗi ne. Sai ya matso shuɗi daga kwalba ya shimfiɗa daga gaɓa har ƙarshen gani, launi guda kamar an shanya shadda. Ya kuma yi rashin sa'a, shuɗin da ke cikin fenti mai araha na yanzu, wanda ake kira fatalo, sai a 1935 ya shigo kasuwa, kuma ƙarfinsa ya wuce misali, ɗigo ɗaya yana cinye sauran launuka. Kulod bai san shi ba. Shuɗinsa na wani dutse ne mai tsada da ake haƙowa a duwatsun Badakshan na Afganistan, a niƙa shi a tace. Mai irin wannan shuɗi ba ya ɓarna da shi.

Ga gwajin da nake sa kowa ya yi, kuma ba ya bukatar teku. Ka cika bahon wanki da ruwa ka ajiye a tsakar gida da safe. Ka tsaya a kansa ka duba ƙasa: gindin baho za ka gani. Ka ja baya ka tsuguna har idonka ya kusa daidai da bakin bahon: gindin ya ɓace, sararin sama kake gani a kwance kan ruwa. Ruwan bai canza ba, inda kake kallonsa ne ya canza. Haka teku yake. Ruwan da ke kusa da ƙafarka daga sama kake kallonsa, don haka launin kansa kake gani, mai duhu. Wanda ke nesa a kwance kake kallonsa, sai ya zama madubi ya ɗauki launin sama.

Ka koma kan zanen Kulod da wannan a ranka. Ruwan da ke gaba, wajen kwale-kwale, duhu ne tsakanin kore da shuɗi. Kana matsawa ciki yana washewa, har can ƙarƙashin rana ya kusa zama launi ɗaya da sama. Abin da wannan yake nufi a aikace shi ne kada ka haɗa fentin ruwa daban da na sama. Ka gama sama tukuna, ka rage fentinta a kan allon haɗa launi, da shi za ka fara ruwan nesa, kana gangarowa kana ƙara masa duhu da ɗan kore kaɗan-kaɗan. In shuɗin fatalo kaɗai gare ka, ka karya ƙarfinsa da fenti mai launin ruwan ƙasa kafin ya taɓa kyalle.

Kowace igiyar ruwa ma haka take a ƙaramin ma'auni. Fuskar da ke kallonka duhu ce, domin cikin ruwan kake gani, bayanta da ya kwanta yana ɗauke da hasken sama. Masu koyo sukan manta wannan su ja fararen layuka masu lanƙwasa iri ɗaya daga gaba har baya, teku ya koma kwanon rufi. Igiyoyin gaba manya ne, akwai tazara tsakaninsu, kana iya ganin siffar kowace. Na tsakiya sun ƙanƙance sun matsu. Na nesa ba a zana su ɗaya-ɗaya, 'yan siraran layuka ne a kwance, daga nan sai su narke. Kuma tashar Kulod ba wurin hadari ba ce, ruwa ne mai ɗan motsi da sassafe. Na ga wanda ya cika ta da kumfa har na ji tsoron kada sarauniya ta nutse.

Rana

Kowa yana so ranarsa ta haska. Sai ya ɗebo fari tsantsa ko rawaya mai ƙarfi ya manna da kauri a tsakiya, ya zagaye ta da layuka kamar ta littafin yara. Sakamakon shi ne ƙwai soyayye a sararin sama.

Fenti ba ya da haske na kansa. Mafi hasken abin da kake da shi shi ne fari, kuma bai fi bangon da aka shafa wa farar ƙasa haske ba. Dabarar da ta rage ita ce ka rage wa komai haske don fari ya samu inda zai tsaya. In ka riga ka kashe farin a kan gajimare, tufafin mutane, matakala da kumfar ruwa, rana ba ta da sauran abin da za ta fi su da shi. A zanen Kulod rana ƙarama ce, gefenta bai da kaifi, kuma babu wani wuri da ya kai ta haske. Abin da ke sa ta ƙyalli shi ne tafiyar launin sama: daga fari mai ɗumi zuwa rawaya mai laushi, zuwa wani launi da ba ka iya kiran sunansa, zuwa shuɗi a can sama, ba tare da ka ga inda wani ya ƙare wani ya soma ba. Masu binciken zanen sun ga sawun tafin hannunsa da yatsunsa a cikin fentin saman, wato da hannu ya riƙa lallaɓa mahaɗar launukan tun fentin yana ɗanye.

Kada ka ɗauki wannan na ƙarshen ka yi gaba da shi ido rufe. Farin da suke amfani da shi a lokacin na dalma ne, guba ne, kuma wasu launukan yanzu ma, irin su rawayan kadmiyam, ba abin shafawa a fata ba ne. Busasshen burushi mai laushi ko tsumma mai tsabta zai yi maka aikin. Abin koyi a nan shi ne yawan matakan. Ka haɗa launin sama kashi bakwai ko takwas a jere a kan allonka tun kafin ka fara, daga mafi haske zuwa mafi duhu, ka shimfiɗa su suna zagaye rana, sannan ka haɗe bakinsu. Akwai tarko ɗaya: rawaya da shuɗi in sun gamu kai tsaye kore suke haifarwa, sai ka wayi gari da sama ruwan ganye. Ka sa ɗan ruwan hoda ko ruwan toka mai ɗumi a tsakaninsu ya raba faɗa.

Hasken da rana ke shimfiɗawa a kan ruwa kuma ba kwalta ba ce. Yana tahowa daga ƙarƙashin rana ya nufo mai kallo, amma a karye yake, ɗigo-ɗigo a kan kowace igiya, da duhu a tsakani.

Tun da rana tana gabanka, duk abin da ke tsakaninka da ita bayansa kake gani, wato ɓangaren inuwa. Inuwar mutane da ta ginshiƙai kanka take tahowa, tana bajewa daga inda rana take. Haske kuwa a gefen abu yake tsayawa, siririn zare a kafaɗa ko a bakin dutse. Sau da yawa mai koyo yakan haska fuskar gini kamar rana tana bayansa shi mai zanen, alhali ga ta can a gaba ya zana da hannunsa. Rana biyu ke nan a zane ɗaya.

Layin da sama ta haɗu da ruwa

Wannan gajere ne. Ruwa ba ya karkata, don haka layin nan sai ya miƙe, a auna shi da rula daga ƙasan kyalle a hagu da dama. In ya karkata ko da rabin yatsa ne, mai kallo zai ji teku na tsiyaya gefe guda ko bai san dalili ba. Kulod ya ajiye shi ƙasa da tsakiyar zanen, sama ta fi ruwa samun wuri. Masu koyo sukan ɗaga shi don su samu filin zana igiyoyin ruwa, sai gine-ginen su rasa mazauni.

Layukan fada da na matakala da na kangon hagu, duk waɗanda suka nufi ciki, suna taruwa ne a kan wannan layi, wajen ƙarƙashin rana. Ka ɗora rula a kan takardar da ka buga ka bi su da jan biro, za ka gani da idonka. A kan naka kyallen, ka kafa allura a wurin, ka ɗaura mata zare, duk layin gini da za ka ja ka miƙa zaren ka gwada. Bayan ka auna layin ruwan daidai, sai kuma ka tausasa shi. Miƙaƙƙe ne amma ba kaifi gare shi ba, musamman kusa da rana inda haske ya kusa cinye shi.

Hazo

A nan mu 'yan Arewa muna da abin da ɗalibin Landan ba shi da shi, sai dai ba mu lura. Duk wanda ya hau Dala cikin watan Janairu ya dubi gari ya san yadda hazo ke yi: gidan da ke gindin dutse ja ne sosai, inuwarsa baƙa. Na gaba da shi ya ɗan kwashe. Can wajen Goron Dutse komai ya koma launi guda mai laushi, babu baƙi babu fari. Iskar da ke tsakaninka da abu ba wofi ba ce, akwai ƙura da tururi a cikinta, kuma iya nisan abu iya kaurin labulen da ke tsakaninku. Wannan shi ne babban sirrin Kulod, kuma shi ne abin da masu kwaikwayonsa suka fi zubarwa.

Kuskuren yana zuwa ne daga sani. Mai koyo ya san jirgi na katako ne mai duhu, sai ya ba jirgin nesa duhun da ya ba na kusa, ya zana masa igiyoyi ɗaya-ɗaya. Nan take jirgin ya tsallako gaba ya zama ɗan ƙaramin abin wasa da ke shawagi a hancin mai kallo. Ƙanƙantar da abu kaɗai ba ya kai shi nesa. Dubi hasumiya da jiragen da ke can bakin tashar a zanen Kulod: mafi duhun wurin da ke jikinsu bai kai duhun inuwa mafi sauƙi da ke gaba ba. Ka huda ƙananan ramuka biyu a farar takarda, ka ɗora ɗaya a kan hasumiyar nesa, ɗaya a kan ginshiƙin gaba, ka kwatanta abin da ke leƙowa. Yawancin ɗalibai ba sa yarda sai sun yi wannan, gani ya kori ji.

Gyaran shi ne duk abin da za ka zana a nesa, ka zuba masa fentin sama a cikin launinsa. Iya nisa iya yawan fentin saman. Baƙi mai ƙarfi da layi mai kaifi ka ajiye su sai gaba.

Gaggawa da fentin mai

Kulod ba a zama ɗaya yake gama zane ba. Shafi-shafi ake ɗora fentin, na ƙasa ya bushe a ɗora wani siriri a kai wanda na ƙasan ke leƙowa ta cikinsa. Zurfin da kake gani a ruwansa daga nan yake. Mai gaggawa yakan ɗora ɗanye a kan ɗanye yana ta juyawa har komai ya zama taɓo. In ka ga launi ya fara mutuwa a hannunka, ka ajiye burushi, ka kankare wurin da wuƙar fenti, ka dawo jibi.

Akwai ƙa'idar da ba a karyawa: shafin ƙasa ya zama mai ƙarancin mai, kowane na sama ya ɗan fi na ƙarƙashinsa mai. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, bayan 'yan watanni zanen ya tsattsage kamar fadama a bazara. Man sheƙi na ƙarshe kuwa sai zanen ya yi wata shida aƙalla. A lokacin hunturu ka jingina ɗanyen zane fuskarsa na kallon bango, da ɗan tazara, in ba haka ba ƙura za ta yi maka hazon da ba ka nema ba, wanda kuma ba ya gogewa.

Masu aiki da akirilik, fentin da ake sirkawa da ruwa ba da mai ba, matsalarsu akasin haka ce. A zafin Maris fentin na bushewa kafin ka haɗe bakin launi biyu, kuma in ya bushe yakan ɗan fi yadda ka shafa shi duhu. Ka ajiye 'yar kwalbar fesa ruwa kusa, ka yi aikin sama da sassafe, ka gina ta da siraran shafi da yawa maimakon ka nemi gamawa a shafi ɗaya.

Mutanen da ke cikin zanen

An ruwaito cewa Kulod yakan ce shimfiɗar ƙasa yake sayarwa, mutanen ciki kyauta yake bayarwa. Ko a wannan zanen sai ka nema kafin ka ga sarauniyar, 'yar ƙarama ce a kan matakala cikin jama'a. Masu koyo sukan ƙara wa mutanen girma don su samu damar zana ido da hanci, sai fadar ta koma ɗakin kwana. Aikin mutanen shi ne su nuna girman gini da nisan ruwa. Ɗigon launi biyu ko uku da zaren haske a kafaɗa ya wadatar. Ɗalibaina da yawa ba sa zana mai rai saboda addini, kuma ban taɓa ganin hakan ya rage wa kwafinsu komai ba. Sai dai in ka cire mutum, ka bar wani abu da ido ya san girmansa, kwale-kwale, akwati ko tulin igiya, a daidai wurin da mutumin yake, domin akwai duhun da zanen ke bukata a nan.

Zama a cikin kwafi har abada

Akwai wanda ya kwaikwayi zanen nan sau huɗu, na huɗun har ya yi kyau, amma da na ce ya zana mini kududdufin bayan unguwarsu sai ya tsaya yana kallona. Ya haddace zanen Kulod, bai koyi abin da Kulod ya sani ba. Abokin Kulod, wani mai zane Bajamushe da ake kira Sandrart, ya rubuta cewa yakan fita bayan gari tun kafin gari ya waye ya zauna har dare yana kallon yadda haske ke sauyawa, ya haɗa launukan a wurin, sannan ya koma gida ya yi aiki da su. Fadar da ke zanen ƙirƙira ce, babu wata tasha mai wannan siffar. Hasken ne na gaske.

Turner, mai zane na Ingila, wanda ya rayu daga 1775 zuwa 1851, ya fi kowa nacewa a kan Kulod. A 1815 ya yi nasa zanen tashar ruwa, na Sarauniya Dido tana gina birnin Kartaj, da rana a gaba da gine-gine hagu da dama. Kana gani ka san inda ya yi karatu, kuma kana gani ka san ba kwafi ba ne. Ya bar wasiyya cewa a rataye shi kusa da na Kulod, kuma a National Gallery aka cika masa wannan wasiyya.

Saboda haka bayan kwafi ɗaya ko biyu, ka fita. Wanda ke Legas, Akara ko Bur Sudan teku na kusa da shi. Mu na tudu muna da madatsar Tiga, Kainji, Goronyo, da bakin Kwara a Yamai, duk ruwa ne mai faɗin da zai nuna maka abin da baho ya fara nuna maka. Ka isa bayan sallar asuba, ka zauna inda rana za ta fito a gabanka, da ƙananan kwali uku ko huɗu da aka riga aka shafa wa fari. Kada ka ƙura wa rana ido, ruwan da sama za ka kalla. Minti ashirin kowane kwali, domin hasken ba zai jira ka fiye da haka ba. Itacen da ke gefe shi ne ginshiƙinka, kwale-kwalen masunta shi ne jirgin sarauniya. In ka dawo gida ka jera su kusa da kwafinka, ka ɗauki hoton duka da waya ka mayar fari da baƙi, ka duba ko duhu da haske sun zauna inda suka zauna a wajen Kulod.

Kwafin kansa kuma ka rubuta a bayansa cewa kwaikwayon zanen Claude Lorrain ne na 1648, sannan sunanka da ranar da ka gama. Tun yana raye masu jabu suka dame shi, har daga wajen 1635 ya buɗe littafi yana zana ƙaramin hoton kowane aiki da ya fita daga hannunsa, sau da yawa da sunan wanda aka yi wa a bayan takardar. Zane 195 ne a ciki, kuma littafin yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Wanda zai saya daga hannunka ka gaya masa da baki ma, kada ka bar shi sai ya juya bayan kyalle.